Amsa ga ɗan'uwan da ke son sauya rufin garejinsa da kansa

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun jiya: garejinka a nan Katsina yana yoyo, kwanon ya yi tsatsa, kuɗin da kafinta ya yanka maka ya yi maka yawa, kana son ka hau ka sauya da kanka alhali ba ka taɓa yi ba. Ka kuma tambaya ko ka koma irin rufin nan mai tsakuwa da ake yayi. Na yi wannan aiki a garejin gidanmu, na kuma taya maƙwabta nasu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Za ka iya, in dai katakon da ke ƙarƙashi lafiyayye ne. Kwano shi ne abin da ido ke gani, amma katako da ɗaurinsa su ke riƙe da rufi. Kafin ka sayi ko falle ɗaya, shiga garejin da tsakar rana ka ja ƙofa, ka ɗaga kai. Duk inda haske ya tsiyayo, nan ruwa ke bi. Sannan ka sa tsani, ka riƙa soka sukundireba a jikin kowane katako, musamman bakin da ya shiga cikin bango. Wanda gara ta ci, daga waje sai ka rantse sabo ne, kana dannawa ƙarfen ya nutse, jar ƙasa ta zubo maka a hannu. In guda ɗaya ne ko biyu cikin ƙananan da ake buga kwano a kai, tu-bai-tu ko tu-bai-tiri (wato mai kaurin inci 2 da 2 ko inci 2 da 3), ka sauya da kanka. In kuwa manyan ne, tu-bai-fo ɗin da suka ɗauki nauyin rufin, don Allah ka kira kafinta ya yi maka wannan ɓangaren kaɗai, kai ka ƙarasa shimfiɗar kwano. Kuɗin zai ragu sosai, hankalinka kuma ya kwanta. Sabon katako a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa. Wasu baƙin mai suke shafawa, ya fi babu, amma maganin ya fi.

Ka duba langa-langar da ta ɗaure katako da bango. Mu nan ba yawan ruwa ne ke ɓata mana rufi ba, iska ce. Hadarin farkon damina, wajen Mayu da Yuni, daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, kuma gareji bakinsa a buɗe yake, iska ta shiga ta tura rufin daga ƙasa. Rufin da ka ga ya tashi ɗungurungum ya faɗa gidan maƙwabci, galibi kwanon na nan manne da katakonsa, ɗaurin ne ya saki. In langa-langar ta ruɓe, a sa sabuwa, a kafe ta cikin gini da siminti.

Wannan iskar ce kuma za ta nuna maka ta inda za ka fara jeri. Ka fara daga gefen yamma kana yin gabas, daga ƙasa kana yin sama, ta yadda kowane falle zai hau kan wanda ya riga shi, bakin haɗin ya juya wa iska baya. A gefe, falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi. A tsaye kuwa, na sama ya rufe na ƙasa da aƙalla inci 6, in rufin bai da gangara sosai ka ƙara. Ja zare a bakin rufin kafin ka buga fallen farko, domin in ya karkace, sauran duk za su bi shi. Ƙusa mai hula za ka saya, a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke gudu ba, kuma da hular ta zauna ka daina duka. Wanda ya ci gaba da duka sai ya lotsa tudun, ya yi wa ruwa wurin kwanciya. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ka lissafa da haɗin a ciki, ka sayi ɗan rara.

Batun mai tsakuwa, ni ban ba ka shawara ba a aikin farko. Yana son rufi mai gangara, yana son katako jere kusa da kusa da awo daidai, ma'ana sai an sake ƙirar rufin gaba ɗaya. In aljihu ya yarda, dogon alminiyon da ake yanka maka daidai tsawon rufinka ya fi maka sauƙi, ba haɗi a tsakiya, sai dai ka tambayi kaurinsa, milimita 0.45 ko 0.55, kuma ka sayi ƙusar da aka yi dominsa.

In garejin mai rawani ne, wato bangon ya zarce rufin ya ɓoye kwanon, ka sani yawancin yoyo daga mahaɗar kwano da bango yake, ko indararo da ya toshe da ƙasa da leda. Mutane da yawa sun sauya kwano kaf, damina ta zo ruwan ya ci gaba da bin bango. A saka bakin kwanon cikin gini, a liƙe da siminti, a share indararon.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarka. Kada ka hau kai kaɗai, a samu mai riƙe tsani da mai miƙo kwano. Taka kan layin ƙusa kawai, nan ne katako yake, tsohon kwano ba ya ɗaukar mutum a tsakani. Sa safar hannu mai kauri, bakin kwano reza ne. Duba wayar wuta da ta shigo gidan, in ta ratsa kusa da rufin a kashe layin ko mai gyaran wuta ya janye ta. In silin ɗin tsohon asbesto ne, kada ka fasa ko ka sa masa zarto, ƙurarsa na illa ga huhu. Yi aikin bayan damina ta ɗauke, Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya kafin iskar hunturu ta taso, don falle a hannu in iska ta kama shi har da kai take ja. A Maris da Afrilu kwano ba ya taɓuwa da hantsi.

Ka turo mana hoton katakon daga ciki da tsawo da faɗin garejin, in sha Allah in lissafa maka yawan fallen da ƙusar. Allah ya taimaka.