Tambaya da Amsa: Zan Iya Zuba Sabbin Kifi Shida Lokaci Guda a Tankin Ruwan Gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na kifin ado mai cin lita 300 a falona, kuma ruwan gishiri ne irin na teku. Ya shekara ɗaya da wata biyu yana tafiya lafiya lau. A ciki akwai kifi biyu masu launin lemo da ratsin fari, waɗanda ake kira kilawun, da damsel shuɗi ɗaya, da jatan lande ɗaya, sai duwatsun teku. Yanzu ina so in ƙara shida: kiromis kore huɗu, gobi ɗaya da tang shuɗi ɗaya. Daga Legas za a aiko mini, kuɗin aike kuma ya yi tsada, shi ya sa na fi son a kawo su a tare. Mai sayarwar ya ce tunda tankina ya daɗe, in zuba su gaba ɗaya babu komai. Shin haka ne?

Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, babu laifi ka saye su a tare domin rage kuɗin aike, amma kada ka zuba su a tare cikin babban tankinka. Maganar mai sayarwar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai bai faɗa maka sauran ba.

Abin da ke riƙe da rayuwar kifinka ba ya ganuwa da ido. Kifi yana fitar da amoniya ta huhunsa na ruwa da kuma kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, ita kuwa guba ce. A jikin duwatsu da yashi da matatar tankin akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya zuwa naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta na farko ba, kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Yawan waɗannan ƙwayoyi ya dogara ne ga yawan abincin da suke samu, ba ga shekarun tanki ba. Tankinka ya saba da dattin kifi uku, saboda haka bakteriyar da ke cikinsa ta kifi uku ce, ko da ya shekara goma. Ranar da ka mayar da su tara, datti zai ninka sau uku a yini guda, alhali bakteriyar tana bukatar kwanaki kafin ta hayayyafa ta cim masa. A wannan tsakanin ne ake asara, musamman da yake ma'aunin pH na ruwan teku, wanda ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu, yana tsakanin 8.1 da 8.4, kuma amoniya ta fi dafi a irin wannan ruwa fiye da a ruwan daɗi. Alamar farko ita ce ka fito da asuba ka tarar da kifi sun taru a saman ruwa suna haki, marfin huhunsu yana buɗewa da rufewa da sauri.

Duk da haka, ba amoniya ce ta fi ba ni tsoro ba, cuta ce. Yawancin kifin ado na teku ana kamo su ne daga wurare irin su Indonesiya da Filifin, su bi ta hannun dillalai da dama kafin su iso Legas, kuma a kowane zango suna cakuɗuwa da wasu. Cutar da ta fi yawa ita ce ta farin ɗigo, wadda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke haddasawa: za ka ga ɗige-ɗige kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, yana goga jikinsa da dutse. Ƙwayar takan yi 'yan kwanaki tana ci a jikin kifi, sannan ta faɗo ƙasa ta lulluɓe kanta ta rarrabu, daga baya ɗaruruwan 'ya'yanta su fito neman sabon jiki. Shi ya sa mutum yakan ga ɗigon ya ɓace ya ɗauka an warke, bayan mako guda ya dawo ya mamaye kowa. Maganin da aka fi amfani da shi mai sinadarin tagulla ne, shi kuwa zai kashe jatan landenka, duwatsu kuma su shanye shi su riƙe. Idan cutar ta shiga babban tanki, sai ka kwashe kifin duka ka bar shi babu ko ɗaya har kimanin mako goma sha ɗaya, domin ƙwayar tana iya kwanciya sama da kwana 70 kafin ta ƙyanƙyashe.

Don haka ka tanadi tankin killacewa tun kafin ka tura kuɗi. Ba sai mai tsada ba. Na lita 80 zuwa 100 ya isa, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba na masu aikin famfo domin kifin su sami maɓoya. Ka sayi matatar soso ka jefa ta cikin babban tankinka na mako uku ko huɗu domin bakteriya ta kama ta, sannan ka mayar da ita can ranar da baƙin za su iso. Su yi aƙalla mako huɗu a killace, kana duba su safe da yamma, kana gwada amoniya kullum, kana ba su abinci kaɗan-kaɗan. Da zarar ma'aunin ya nuna wani abu sama da sifili, ka canza rubu'in ruwan.

Ranar isowarsu akwai wani kuskure da masu kyakkyawar niyya suke yi. An saba cewa a riƙa ɗiga ruwan tanki cikin na leda sannu a hankali na tsawon awa guda, kuma hakan daidai ne ga kifin da aka ɗauko daga cikin gari. Amma kifin da ya kwana a hanyar Legas zuwa Kaduna ya tara amoniya a ledarsa. Iskar da ya fitar ta sauke pH ɗin ruwan, wannan ne ya rage mata dafi, kuma da ka buɗe ledar iska ta shiga, pH zai hau, gubar ta farka. Abin yi shi ne ka tambayi mai sayarwar ma'aunin gishirin ruwansa tun da wuri, ka daidaita na tankin killacewa da shi, ka ɗora ledar a rufe bisa ruwan na minti 15 zuwa 20 domin zafinsu ya zo ɗaya, sannan ka ciro kifin ka saka, ka zubar da ruwan ledar. Daga baya sai ka riƙa ɗaga gishirin a hankali cikin kwanaki har ya kai na babban tanki, wato wajen 1.025 a ma'aunin gishirin.

Sai batun zaman tare, kuma a nan damsel ɗinka ne abin lura. Ƙarami ne, amma mafaɗaci ne, kuma bayan wata 14 yana ganin kowane rami a tankin gadonsa ne. Na sha ganin sabon kifi ya maƙale a kusurwa bayan famfon ruwa, jelarsa a yayyage, ya ƙi cin abinci saboda irin wannan ɗan gida. Ka fara da gobi, domin shi a ƙasa yake zama kuma ba ruwansa da kowa. Bayan mako biyu ko uku, idan amoniya da naitirayit suna kan sifili, ka saka kiromis huɗun a rana ɗaya, saboda yawansu zai raba hankalin mai cin zali. A kowane karo ka ciyar da na gida tukuna, ka ɗan sauya zaman duwatsu, ka kashe fitila har wayewar gari. Idan damsel ya ƙi saduda, ka ɗauke shi zuwa tankin killacewa na mako biyu, domin idan ya dawo shi ne baƙo. Ka kuma sani cewa kiromis kan tsangwami mafi rauni a cikinsu, don haka kada ka yi mamaki idan huɗu suka koma uku.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa hukunci. Kifin nan suna son zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A watannin Maris da Afrilu ruwa yakan wuce haka, ruwan ɗumi mai gishiri kuwa ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ga shi kuma ana ɗauke wuta. Tanki mai kifi takwas ko tara zai shaƙe da wuri fiye da mai uku, saboda haka famfon iska mai batir ko inbata wajibi ne kafin ƙari, kuma ni da zan zaɓa, ba zan sa a yi wa kifi doguwar tafiya a waɗannan watanni ba. Da hunturu kuwa ruwa yana saurin tsotsewa, har ka ga farin gishiri ya bushe a bakin gilashi. Ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan, don haka da tataccen ruwan daɗi ake cikawa, ba da na gishiri ba.

Tang shuɗi kuwa ka cire shi daga lissafi. A shago ana sayar da shi ɗan mitsitsi, amma yana girma har kusan santimita 30, yana bukatar tanki mai tsawon kusan mita biyu domin iyo, kuma yana cikin kifin da farin ɗigo ya fi saurin kamawa. Kuɗinsa ka saya wa sauran biyar ɗin tankin killacewa da kayan gwajin ruwa da su.