Motar Da Ke Shan Baƙin Mai Da Gangan

Tambaya: Salam Malam. Na sayi Mazda RX-8 'yar Kwatano, tafiya lafiya lau, amma duk sati biyu in na zaro geji sai in ga baƙin mai ya ragu, kuma ko ɗigo ba na gani a ƙasa. Makanikena ya ce ringi ne ya mutu, sai an sauke inji. In bar shi ya buɗe? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka bari ya sa sufana tukuna, injin nan ko fistan ba shi da shi balle ringi. Irin wanda Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙirƙiro ne, ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa, naka guda biyu ne a ciki. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goga bango don ya riƙe kwamfireshan, to shi wannan yana ɓangaren da wuta ke ci, man da ke zagaya inji ba ya kai masa. Shi ya sa Mazda suka sa ɗan famfo da ke ɗiban baƙin mai yana tura shi ta siraran tiyo zuwa ciki, ya shafe bangon sannan ya ƙone tare da fetur, kana ƙara taka totur yana ƙara zubawa. Kusan dai kamar ƙaramin janareta Tiger da muke haɗa wa mai a tanki, sai dai nan motar ce ke auna wa kanta. A 2009 ma sai da suka ƙara bakin feshin mai na uku a kowane gida don biyun da ke akwai ba sa wadatar da tsakiyar bangon.

Sauran man kuma yana bi ta cikin shaf, ya jiƙa boris ya kuma sanyaya ƙarfen nan mai kusurwa uku ta ciki, saboda haka barinsa ya yi ƙasa ganganci ne. Duk shan fetur na biyu ka duba geji, ka ajiye galan a but. Wasu na ɗan ƙara man 2T, wato irin baƙin man da ake haɗawa da fetur, a tanki, ni ban ga laifinsa ba in ba a cika ba.

Ranar da ka ga man ya daina raguwa, ko mota ta ƙi tashi in ta yi zafi, to nan ne za ka nemi wanda ya taɓa buɗe irin injin ya gwada maka kwamfireshan.