Tambayoyinku: Da Me Zan Rubuta Verilog?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyan lantarki ne daga Aliero. An ba mu aikin Verilog, wato harshen da ake rubuta tsarin da'irar lantarki da shi, na rubuta shi a Microsoft Word, na kwafa na kai wa Icarus Verilog, manhajar da ke gwada rubutun, sai kurakurai suka yi ta zubowa. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Ƙanena, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Word an yi shi ne don rubuta wasiƙar neman aiki da takardar gayyatar ɗaurin aure, kuma aikinsa kenan ya gyara maka rubutu ko ba ka nema ba. Ka rubuta 8'hFF, wato lamba mai bit takwas, shi kuma ya ɗauki wannan ɗan waƙafin na sama ya lanƙwasa shi don ya yi kyau a ido. Icarus bai san lanƙwasasshen ba. Ka fara layi da module, ya mayar maka da shi Module da babban baƙi, alhali Verilog yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Da VHDL ne, wato wani harshen na rubuta da'ira, da ka tsira daga wannan na biyun, don shi bai damu da girman baƙi ba, amma na farkon zai kama ka. Ga masu tura wa juna aiki ta WhatsApp kuma, ku sani taurari biyu a layi ɗaya kan iya ɓacewa, rubutun da ke tsakaninsu ya koma mai kauri.

Ka sauke edita, wato manhajar da aka yi don irin wannan rubutun, kamar VS Code ko Notepad++, duk kyauta ne. Sai dai kar launukan su ruɗe ka. Ganin kalmomi sun yi shuɗi da kore ba ya nufin da'irarka ta yi daidai. Verilog, tun da aka ƙirƙiro shi wajen 1984, yana da wata mummunar ɗabi'a: in ka yi kuskuren harafi a sunan waya wajen haɗa sassa, ba zai ce uffan ba, sai ya ƙirƙiro maka sabuwar waya mai bit ɗaya. Ka kwana kana neman inda sigina ya maƙale. Maganinsa layi ɗaya ne a saman kowane fayil: `default_nettype none. Sannan ka haɗa Verilator, manhajar da ke zaƙulo kurakuran Verilog, da editanka, ya riƙa duba rubutun duk lokacin da ka adana. Shi ne zai yi maka tsawa idan ka cusa bit 16 cikin wurin bit 8. Wanda bai yi waɗannan biyun ba, kada ya sake turo min hoton allonsa da aka ɗauka a karkace.

Tambaya: Abokaina a Gusau suna ta gardama, Vim ko VS Code? Mu VHDL muke yi.

Amsa: Ni dai Vim nake amfani da shi, kuma ba na shirin tuba. Tun 1991 yake, yana buɗewa nan take ko a tsohuwar kwamfuta, kuma zaɓen rubutu a tsaye, shafi-shafi, yana sauƙaƙa jera sunayen ƙofofi, wato mashigai da mafitan sigina. Amma gaskiya, a VHDL babu kamar editan Emacs, don yana cike maka tsarin entity da architecture, wato manyan sassa biyu na rubutun VHDL, da kansa. Ku girka GHDL mai gwada VHDL da GTKWave mai nuna zanen sigina ku fara gwaji, gardamar za ta mutu da kanta.

Tambaya: Malam, laptop ɗina RAM 4GB ce, Vivado, babbar manhajar tsara da'ira, yana daskarewa da zarar na fara rubutu. Daga wata ɗaliba a Birnin Kebbi.

Amsa: Ƙanwata, kin ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ki yi rubutu a Notepad++, ki gwada da Icarus, sai lokacin ɗora aikin a kan FPGA, wato guntun lantarkin da ake iya sake tsara da'irarsa, ki buɗe Vivado. A cikin saitinsa akwai wurin zaɓar edita na waje. Ki rufe Chrome tukuna.

Tambaya: Zan iya yin duk wannan a wayata? Daga Ƙauran Namoda.

Amsa: Ɗan ƙaramin gwaji zai yiwu ta EDA Playground, shafin intanet na gwada Verilog da VHDL, in kana da data da haƙuri. Aikin kammala karatu kuwa, ka ari laptop.