Kada ka tace hoto har ka zubar da tsabar

Ka ce, "Oga, yaya zan kawar da ɗige-ɗigen da ke cika hoton rada, kamar an watsa gero a faifai?" Zauna, yaro. Hoton rada shi ne wanda tauraron ɗan'adam ke ɗauka ta hanyar aiko igiyoyi ƙasa su koma masa. Tambayar nan ta taɓo min tsohon miki.

Daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a ƙasar nan, wani ɗan kwangila ya same ni a nan Gombe yana son taswirar gonakin shinkafa da ruwa ya ci a ƙasan madatsar Dadin Kowa. Hadari ya rufe sama, sai rada kaɗai ke ratsa gajimare. Na sauko da hotunan taurarin rada na Sentinel-1, a lokacin ɗaya ne kawai cikinsu ke aiki, sai bayan kwana 12 yake dawowa. Na bar wa wani yarona aikin na tafi biki Kumo.

Shi kuwa hoto mai sheƙi yake so, irin na Facebook. Ya sa matatar Lee mai rage ɗige-ɗige a manhajar SNAP, ya buɗe faɗinta har ƙwayoyin hoto 11 sau 11, ya sake maimaitawa. Ƙananan hanyoyin ruwa duk suka narke cikin gonaki. Bai tsaya nan ba, ya tara hotunan ya yi musu PCA, wato lissafin da ke rarraba bayanan hotuna kashi-kashi, ya riƙe kashin farko ya watsar da sauran, wai maimaici ne. Alhali kashin farko abin da hotunan suka yi tarayya a kai ya ɗauko; ambaliyar, da yake sauyi ce, tana cikin waɗanda ya zubar!

Ɗan kwangilar ya duba taswirar ya ce gonar surukinsa da ruwa ya shanye ta fito a bushe. Ya hana ni cikon kuɗina, rabi cur. Kwana uku ban runtsa ba na gyara, ya karɓa, ya daina ɗaga wayata. Daga baya na ga taswirata a rahotonsa, an goge sunana. Allah ya isa.

Matakan farko na gyaran hoto ba zan koya maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma talla. Ɗigon nan ba datti ba ne, igiyoyin radar da suka dawo ne ke karo da juna. In za ka sa matata, kada faɗinta ya wuce 5 sau 5, iyaka 7 sau 7. In kana da hotunan ranaku da yawa na kafin ruwa, ɗauki matsakaicinsu: hoto 4 na rage ɗigon da kusan rabi, gefen gona bai lalace ba.

Ku yaran yanzu danna maɓalli kawai kuka iya. Gobe da asuba ka hau babur, mu je Dadin Kowa ka taka gonar da ƙafarka.