Zanen tsallaka titi ne ke jawo cunkoso?

Tambaya: Malam, ni direban bas ne. A ganina wannan farin zanen da ake yi wa masu tsallaka titi ba abin da ya ƙare mu da shi sai cunkoso. Me zai hana a yi musu gadojin sama, a bar mu mu wuce? Daga wani direba a Kurna, Kano.

Amsa: Sannu da aiki, direba. Kana da gaskiya ta wani gefen, don tsallakar mutane tana cin lokacin mota. Injiniyoyi kan ƙiyasta cewa mutum yana tafiyar mita 1.2 a sakan ɗaya. Ke nan titi mai layi huɗu, wajen mita 14, zai ci sakan 12. Motocin da ke jere kuwa, kusan duk sakan biyu ɗaya ke wucewa, to ka ga an hana motoci shida-shida wucewa a kowane layi.

Amma kwatanta wannan da bakin Kantin Kwari da la'asar. Kowa ta inda ya ga dama yake faɗowa titi, mai baro nan, mai tallan ruwa can. Kai kuma birki bayan birki, na bayanka ma haka, har layi ya miƙe. Amfanin zanen shi ne ya tara wannan tsaye-tsayen wuri guda, inda ka san da shi tun daga nesa. Tun 1951 aka fara shi a hukumance, a garin Slough na Ingila.

Inda jama'a suka yi yawa dai, zane shi kaɗai ba ya isa, don mutane ba za su yanke ba balle mota ta samu hanya. Nan sai an haɗa da danja, a tara su su haye lokaci guda, kamar yadda ake yi a mahaɗar Shibuya a Tokyo.

Gadar sama kuwa ta dace da babbar hanya irin ta Nyanya zuwa Mararaba, inda motoci ke gudu. A tsakiyar kasuwa fa? Tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai tura baro ba za su hau matakala ba, ta gaban bas ɗinka za su bi.

Sannan, ba don in ɓata maka ba, wa ke tsayawa a kan zanen yana lodin fasinja? Ku da 'yan sahu ne. Idan kuka tare wurin, mai tsallakawa ba ya ganin motar da ke tahowa, direbanta ma ba ya ganinsa.