Kwalbar da ake juye wa gazwal: a saya ko a bari?

Wani Alhaji mai harkar sufuri a nan Damagaram ya aiko da wannan tambaya:

"Ina da kamyo uku da ke kai hatsi da siminti Agadas, biyu tsofaffin Mercedes, ɗaya Actros da na sayo na hannu bara. Wani yaro ɗan talla ya same ni har rumfa a kasuwar Dole da kwalba mai rabin lita, ya ce in aka juye ta cikin lita 250 na gazwal mota za ta rage shan mai da kashi 10 cikin ɗari, ta daina hayaƙi, enjekta ta daɗe. Kwalba jaka bakwai da rabi ce. Ya ce in zan ɗauki kwali zai ba ni bashi. Direbobina biyu sun ce a saya, makanikina ya ce asarar kuɗi ce. Maganar wa zan ɗauka?"

Alhaji, ranka ya daɗe, makanikinka ya fi kusa da gaskiya, sai dai bai faɗe ta duka ba. Kada ka ɗauki kwalin nan, balle a bashi. Amma kada ka kori yaron da tsawa, domin akwai ranar da kwalba ɗaya ko biyu za su yi maka amfani, zan zo kanta.

Mu fara da alƙalami. Damagaram zuwa Agadas da dawowa kilomita 900 ne ko kusa da haka. Mu ɗauka motarka da lodi tana shan lita 40 a kowane kilomita ɗari, ka gyara adadin da abin da ka sani na motocinka. Tafiya guda ta ci lita 360 ke nan. A farashin sefa 618 da gwamnati ta tsayar wa litar gazwal a 2024, kuɗin mai ya haura jaka 222. Kwalbar jaka bakwai da rabi a lita 250 tana nufin ka ƙara dala shida a kan kowace lita, wato kusan kashi 5 cikin ɗari na farashin man. A tafiya guda sefa 10,800. Kafin ka ce ka ci ko dala ɗaya, sai maganin ya rage maka lita 17 da rabi a kowace tafiya, wannan mayar da uwar kuɗi kawai ke nan. Idan motocin uku suna sawu uku-uku a wata, za ka riƙa biyan sefa 97,200 duk wata, a shekara miliyan ɗaya da jaka 166 da 'yan kai. Kuɗin tayoyi ne masu kyau, Alhaji. Ba a fitar da irin wannan a kan baki mai daɗi.

To kashi 10 ɗin da ya yi alkawari fa? Ƙarfin da mota ke tafiya da shi a cikin man yake. Rabin lita a cikin lita 250 kashi ɗaya ne cikin 500, ba shi da inda zai samo ƙarfin lita 25 ya ƙara wa tanki. Abin da maganin kirki ke iyawa shi ne ya dawo da abin da datti ya cinye. Idan bakin enjekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ya yi tsatsar hayaƙi, maimakon ta fesa mai kamar hazo sai ta riƙa tsartuwa, mai bai ƙone duka ba, hayaƙi ya yi baƙi, direba ya ƙara taka wuta. Irin wannan motar in aka wanke mata enjekta shanta zai sauko, ya koma inda yake a da. Motar da enjektarta ke da lafiya ba ta da bashin da za a biya ta. Ko ka juye mata kwali guda, shanta na nan.

Kuma sunan "maganin gazwal" ya rufe abubuwa dabam-dabam da ba aikinsu ɗaya ba. Akwai mai wanke enjekta, shi ne na faɗa yanzu. Akwai mai sa man ya kama wuta da sauri, abin da masana ke aunawa da lambar sitan. Ƙa'idar Turai ta ce kada ta gaza 51, ta Amurka 40. Shi wannan yana sa inji ya tashi da sauƙi da asuba, ƙararsa ta yi laushi, ina jin abin da ya burge direbobinka ke nan idan sun taɓa gwadawa. Daɗin kunne ne na gaske, amma ba ya bayyana a littafin kuɗi. Akwai mai ƙara wa man santsi. An fi buƙatarsa tun da Amurka ta sauke farar wutar da ke cikin gazwal zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, Turai ta sauke zuwa 10 a 2009, domin tacewar da ke cire farar wuta tana tafiya da santsin da ke kare famfon mai. Sai mai hana daskarewa, wanda aka yi domin ƙasashen ƙanƙara inda kakin da ke cikin gazwal ke dunƙulewa ya toshe filta. Hunturun Damagaram yana fasa leɓe da kaushi, amma ba irin sanyin Kanada ba ne. Wasu kwalaben da ke shigowa kasuwanninmu don matsalar waɗancan ƙasashe aka haɗa su, mu kuwa tamu matsalar dabam.

Tamu ita ce ruwa da ƙura. Motocinka a kan hanyarsu ta Tanut suna wucewa ta kusa da matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011, da ƙarfin tace gangar ɗanyen mai 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Mutumin Damagaram bai yi nisa da tushen mai ba. Abin da ke ɓata shi yana shiga ne a tsakanin tushe da tankinka: duron da aka bari a buɗe cikin damina, bidon da jiya aka ɗebo ruwa da shi, mazurarin da aka yar a rairayi aka ɗauka aka busa masa baki aka ce ya fita. Ga kuma tankin motar kansa, in ya kwana rabi a lokacin sanyi, raɓa takan taru a bangonsa ta gangara ƙasa.

Na taɓa riƙe wa wani yayana littafin motocinsa shekarun baya. Wata rana mota ta mutu masa gaba da Tanut da buhunan gero a kai. Direba ya rantse inji ne. Da makaniki ya isa washegari, bai taɓa inji ba, ya sa tsohuwar gorar ruwa a ƙarƙashin filta ya kwance. Muna tsaye muka ga abin da ya fito ya rabu gida biyu: sama mai ne mai ruwan zuma, ƙasa kusan yatsa uku ruwa ne gurɓatacce, a tsakaninsu wani baƙin abu yana yauƙi kamar miyar kuɓewa da ta kwana. Sai a lokacin karen mota ya faɗa cewa sun ƙara bido huɗu na man 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, saboda rangwamen dala biyar a lita. Rangwamen bai kai jaka uku ba. Kwana biyu da mota ta yi a daji, da kuɗin kai makaniki, da gyaran famfo, sun ci ribar sawu biyu. Da a ce a ranar akwai kwalbar yaron nan a tankin, ba abin da za ta hana.

Baƙin abin nan mai yauƙi ƙananan halittu ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da gazwal, suna cin man suna toshe filta. Nan ne wuri na farko da zan ce ka sayi magani. Akwai wanda aka yi musamman don kashe su, amma sai an zubar da ruwan an wanke tankin tukun, in ba haka ba gawarsu ce za ta sake toshe maka sabuwar filta. Wuri na biyu shi ne motar da ta fara hayaƙi baƙi ko ta rage ja alhali filtar iska da ta mai sababbi ne. Ita wannan ka ba ta mai wanke enjekta na kamfanin da aka sani, tanki ɗaya ko biyu, a kan ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar. In ta gyaru, ka tsira da kuɗin kwance enjekta. In ba ta gyaru ba, ta ci ne, magani kuwa ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, sai garaji. Ka ga wannan sayen kwalba uku ko huɗu ne a shekara, ba kwali duk wata ba.

Game da Actros ɗin, ka fi sa masa ido. Tsofaffin Mercedes ɗinka suna da haƙuri irin na jaki, suna haɗiye abin da bai kamata ba su ci gaba da tafiya. Injinan zamani kuwa suna tura mai da matsin da ya kusa 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali tayar motar da ka gani kamar dutse bar 8 ko 9 ce a cikinta. A irin wannan matsi ƙwayar rairayin da ido ba ya gani tana yanka ƙarfe. Kada a bar kowa ya zuba masa kananzir don a ƙara yawa, yana kashe santsin man. Kada a juye masa tsohon man bidanji a tanki da sunan ƙara ƙarfi, al'adar da har yanzu wasu ke yi a tasha. Idan yana da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi, na AdBlue ne, ruwa ne da uriya kashi 32.5 cikin ɗari, aikinsa a bututun hayaƙi yake. Ka tara yaranka ka gaya musu da bakinka cewa ba maganin gazwal ba ne, ko cokali ɗaya kada ya shiga tankin mai.

In har zuciyarka ba ta kwanta ba, gani ya kori ji. Ka gwada, amma gwaji na ɗan kasuwa. Ka zaɓi mota ɗaya da direba ɗaya. A cika tanki har wuya a gidan mai ɗaya kafin tashi, a rubuta kilomita, a ajiye rasit na duk litar da aka ƙara a hanya, a dawo a sake cikawa har wuya a famfo ɗaya. Sawu biyar ba magani, sawu biyar da magani, kana saɓa su, lodi kusan ɗaya. Sawu guda ba ya nuna komai, domin iskar hunturu da ke bugun gaban mota idan ta nufi arewa ta isa ta canja lissafi, haka ma buhu ashirin da aka ƙara. Abu mafi muhimmanci, kai da kanka za ka zuba maganin, kada direba ya san wane sawu ne da shi. Direban da ya san ana auna shi yakan sassauta ƙafa, mai ya ragu, a yaba wa kwalba. Sannan ka ce wa ɗan tallan ya ba da kwalaben gwajin kyauta, in sun rage abin da ya wuce lita 17 da rabi za ka biya shi har ka ɗauki kwali da kuɗi hannu. Yadda zai amsa wannan tayi zai gaya maka abin da shi kansa ya yarda da shi.

Ina kyautata zaton littafin gwajin nan zai nuna maka wani abu da ba ka tambaya ba. Yawancin masu motoci da suka fara rubuta lita da kilomita sukan gano cewa sun bar jaki suna dukan taiki. Babbar mota da aka bari tana aiki a tsaye tana shan lita 2 zuwa 3 a awa, ka lissafa awannin da ake yi a shingen bincike da wurin lodi da mashayar shayi. Tayar da ba ta cika iska ba tana shan mai, gudun da ya wuce 80 yana shan mai, filtar iskar da ƙurar hunturu ta toshe tana shan mai. Akwai kuma wanda ke fita ta tiyo da dare. Ban ce direbobinka ne ba, Allah ya kiyaye mu da zato, amma mutum ya fi riƙe amana idan ya san ana ƙirge, kuma ba laifi ka tambaya cikin raha ko ɗan tallan ya yi musu alkawarin la'ada. Wasu masu motoci sukan yanke wa direba lita ta sawu, abin da ya rage a raba biyu da shi. Na ga wannan tsari ya yi aikin da ban taɓa ganin kwalba ta yi ba.

Daga cikin jaka 97 ɗin da ka kusa fara biya duk wata, ware kaɗan ka sa wa kowace mota filta mai raba ruwa da mai, irin mai kwano na gilashi a ƙasa, karen mota ya riƙa tsiyaye ta kowace safiya kafin a tayar. A riƙa cika tanki da yamma maimakon a bar shi ya kwana rabi. Idan dole ta sa a sha man duro a hanya, a zuba kaɗan a farar gora a bar shi ya kwanta kafin a biya, kuma kada a yarda da na gindin duro ko da an rage kuɗi. Filtar mai ta ajiya guda biyu ta zauna a bayan kujerar direba, ta asali, ba mai arahar da takardarta ke yagewa ba. Bayan sawu goma ɗin nan, Alhaji, ka aiko mini da alƙaluman mu duba tare.