Tambaya da Amsa: Me ke wuyan daraktan gudanarwa a aikin yaƙi da hamada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ilimin muhalli na karanta, kuma na jima ina aiki da wata ƙungiya mai yaƙi da kwararowar hamada. An buɗe gurbin daraktan gudanarwa, an ce in nema. Mene ne ainihin aikin? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shugaba shi ke nemo kuɗi, masana su faɗi abin da za a dasa. Ke kuma a wuyanki yake aikin ya tabbata a ƙasa: kasafin kuɗi, sayen kaya, albashi, motoci, tsaron ma'aikata a hanya, da rahoto ga masu ba da tallafi, kowace naira da rasidinta.

Amma abin da zai hana ki barci shi ne damina. Icen da za a dasa a Yuli, tun bazara ake cika masa leda da ƙasa da taki a wurin reno, don haka kuɗinsa sai sun riga shi fitowa. Wata shekara a inda na yi aiki, takardar sakin kuɗi ta yi ta kwana a ofis har ƙarshen Agusta. Muka dasa a Satumba, ba a jima ba ruwa ya ɗauke. Da na koma cikin hunturu na ja wata 'yar bagaruwa, ta zaro kamar tsinke, saiwarta na nan a naɗe yadda ta fito daga leda. Har yau abin na cin raina, domin matan garin ne suka yi ta ɗauko ruwa a ka suna ba ta.

Shi ya sa nake cewa ki riƙa ƙidaya itatuwan da suka rayu a ƙarshen rani, bayan awaki da zafi sun gama nasu. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, burinsa farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, kuma jiharki na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Icen da ya rayu kaɗai ke cika wannan buri.

Ki kuma leƙa Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture a gona lokacin sassabe, su rage shi su rene shi, musamman gawo mai zubar da ganye da damina. Kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo ta haka a Nijar. Daraktan da ya san wannan zai rage kuɗin leda, ya ƙara na zama da mai gari, manoma da makiyaya, a san inda burtali ya bi kafin a ja wayar shinge.

Ki nemi aikin. Ranar ganawa ki tambaye su a wane wata kuɗin bara suka fito, kuma itatuwa nawa suka ga damina ta biyu.